Huhun Ƙarfe

Toledo, Ohio, bazarar 1952

Gidajen layinmu kamar da wuƙa ɗaya aka yanka su:
ƙofa iri ɗaya, ciyawa iri ɗaya,
kwalbar madara na jira a dakali kafin gari ya waye.
Babana Leland, in ya dawo da dare,
sai ya ƙirga fitilu kafin ya gane tamu.

Mamata Verna, lokacin yaƙi,
shekara uku ta yi tana walda a masana'antar motocin soja.
Da maza suka dawo, aka miƙa mata takardar godiya,
aka ce, koma gida, kin yi ƙoƙari.
Ta koma.
Safar waldar ta shiga kwalin takalmi,
kwalin ya shiga ƙarƙashin gado.
In an tambaya sai ta ce, ai hutu na samu.
Amma in injin wanki ya fara tari,
takan jira motar Baba ta sha kwana
ta kwance cikinsa da wuƙar man shanu.

Bazarar nan aka rufe wurin ninƙaya,
aka rufe silima,
uwaye na kiran 'ya'ya tun rana ba ta karkata ba.
Shan inna ya shigo gari babu sallama.
Ƙanena Wendell, ɗan shekara bakwai,
ran Talata ya ce wuyansa na ciwo.
Ran Juma'a numfashi ya fi ƙarfinsa.

Suka sa shi a dogon duro na ƙarfe,
kai kaɗai a waje,
madubi a saman fuska, yana ganin duniya a juye.
Duron ya ja, ya saki.
Ya ja, ya saki.
Su tara a ɗakin, kowa da nasa.

Baba ya tsaya a baranda yana murɗa hula.
Tun dawowarsa daga tekun Fasifik
maganarsa ba ta wuce miƙo gishiri ba.

Ba na wurin a daren. Ba a barin yara su shiga.
Wata nas, Odessa Pruitt, ce ta faɗa mini
bayan shekara ashirin, a layin biyan kuɗi a kanti.

Ta ce hadari ya taso, wuta ta ɗauke,
injin asibiti ya yi gardama.
Duro tara suka yi tsit.
Ta ce wannan shirun
har yau yakan tashe ta daga barci.

Kowane duro na da mariƙi a gindi.
Mama ta cire takalman coci, ta kama,
ta ja, ta saki, har hannu ya gane lissafin,
sannan ta fizgo Baba, ta ɗora hannunsa a kai:
sha shida a minti, Leland,
kada ka yi sauri, kada ka tsaya.
Ta ƙwace tocila daga hannun maigadi
ta sauka ɗakin ƙasa da rigarta mai furanni.

Baba ya ƙirga da ƙarfi.
Ɗaya. Biyu.
Muryar da muka daina sa rai da ita
ta cika ɗakin, nas-nas suka bi ta,
hannu tara a kan kiɗa ɗaya.

Minti arba'in, sai fitilu suka ƙifta.

Jarida ta yaba wa hukumar asibiti.
Da safe Mama ta soya ƙwai,
baƙin mai na nan a gindin faratanta.
Baba ya daɗe yana kallon hannun,
ya ce, miƙo gishiri,
ya riƙe yatsun tare da gishirin.

Wendell na Dayton yanzu, yana sayar da inshora,
ƙafar hagu na ja masa rai kan matakala.

Da ta rasu, ni na jawo kwalin.
Safar na ciki, ta bushe kamar kilishi,
a ƙarƙashinta rigar mai furanni,
a ninke,
ba a taɓa wanke ta ba.