Kunama Cikin Takalmi

Tsoho Tsahiru bai taɓa nuna jini ba.
Ya ce jini aikin mahauta ne.
Shi kunama yake sakawa cikin takalmi,
ya nuna mana ita sarai,
sannan ya juya kamara kan mai takalmin
yana kurɓar shayi, yana cinikin buhun aya,
ba gaggawa.

Mu kuwa bisa benci a Ɗan Gulbi,
mun san abin da bai sani ba.
Barira ta ciji bakin mayafi.
Wani ya kwatsa ihu: "Kakkaɓe shi!"
Bango ba ya ji.

Ba kiɗa.
Famfo kaɗai ke ɗiga cikin bokiti.
A matakalar bene inuwa ta riga mai ita hawa.
Jakar da kowa ke farauta,
har aka watse ba a buɗe ta ba.
Shi kansa ya gifta sau ɗaya
yana jan akuya, bai dube mu ba.

Shekara talatin ke nan.
Maraɗi ta manta da sunansa.
Ni dai ko yau da asuba
sai da na kife takalmina,
na buga ƙasa sau uku
kafin in sa ƙafa.