Tabon da Ya Ƙi Fita

Ran Talata Bilhatu ta sauke ƙunshi
a bakin rijiyata, nan Hayin Dogo.
Ta ce, "Baba Jatau, kar gabanka ya faɗi,
ba wanda ya mutu.
Wasan kwaikwayo ne, jarrabawarmu ta jiya."

Na kwance. Farar shadda, ƙirji ja wur,
ja a wuya, ja har cikin aljihu.
Na sunsuna, sai ƙanshin zoɓo
da wani zaƙi da ya gayyato min ƙudaje.

Ta ƙirga min da yatsu:
zoɓon da aka dafa har ya ƙafe,
kalar kek daga kasuwar Sabon Gari,
sitaci cokali biyu,
zuma don ya gangara da nauyi,
ɗan garin kofi don ya yi duhu.
Wanda aka soke kuwa, wani Ɗanjuma,
sau huɗu ya mutu a mako guda,
kullum ya tashi ya sayi awara a bakin get.

Ta buɗe min tafin hannunta:
"Dubi, kamar na kwana da lalle.
Na sa lemun tsami, na sa toka.
Zai fita?"
Na ce fata ba ta riƙo,
shafa man gyaɗa, ki ba shi kwana uku.
Yadi ne mai ƙullaci.

Na jiƙa, na cuɗa, na buga a dutse.
Bokiti uku suka rine,
kwata ta yi ja har ƙofar maƙwabta,
agwagi suka tsaya suna kallo.
Na sa sabulun salo, na sa na kanti,
na shanya, rana ta yi iyakar yinta.
Ja ya dusashe, bai tafi ba,
ya kwanta a ƙirjin rigar
kamar baƙon da ya ga gado.

Ni kuwa na san na gaske.

Shekara tara ke nan
da aka miƙo min leda a asibitin Shika,
rigar ƙanena Cindo a ciki.
Babur, tirela, Kwangila.
Na gaske ba ya daɗewa yana ja.
Kafin la'asar ya koma launin tsatsa,
yadin ya ƙage kamar busasshiyar fata,
yana warin tsohon ƙarfe.

Inna ta ce, ba ta ko ɗago kai ba,
"Ruwan sanyi da gishiri.
Ka sa na zafi, sai ya dafe."
Wanki biyu na yi.
Biyu tak.
Ya fita tas.

Na tsaya da riga fara sol a hannu,
ina neman ko ɗigo a bakin maɓalli,
ko a ɗinkin hammata,
abin da zai ce wani ya zauna a nan.
Babu.
Aka yi sadaka da ita ran bakwai.
Na taɓa hango ta a tashar Samaru
jikin wani, yana shan rake, yana dariya.

Ran Juma'a Bilhatu ta dawo.
Na ce, "'Yata, abin ya fi ƙarfina,
rage naira ɗari biyu."
Ta ɗaga rigar a rana, ta yi murmushi:
"Bar shi, Baba, ya ma yi daidai.
Jibi za a sake soke shi,
yanzu mun san inda za mu zuba."

Na zuba gawayi a dutsen guga,
na bi ƙirjin rigar a hankali
kamar mai tsoron ta da barci.

Da na zauna alwalar magariba
sai na ga jan a ƙarƙashin farcena.
Na ɗauki tsinke zan sakace.
Na ajiye.