Haruffa Uku

Daren Laraba wuta ta dawo Zango.
Na buɗe baƙin allo
inda na kwafe littafin shagon Baba,
layi bayan layi, tun ranar arba'in ɗinsa.

Kalma ɗaya na nema: bashi.
Nan take fayil ya kama rawaya
kamar an ɓarar da kurkum a kan zane.
Malam Tsahiru, jika biyu, fatar akuya.
Cima mai ƙosai, dala sittin, gyaran takalmi.
Can ƙasa ma ga shi, ga shi.

Na ga abin da na zo gani,
amma launin ya zauna daram,
baƙon da ya cinye tuwo ya ƙi sallama.

Habsu ta leƙo da shayi:
"Wannan hasken zai ci maka ido."

Ɗigo biyu, haruffa uku:
n, o, h.
Rawaya ta janye
kamar tafkin bayan Birni da bazara.

Ba a biya ko dala ba.
Kalmar dai ta daina ihu.
Sai lokacin idona ya sauka
kan layin da ke ƙarƙashin sunan Cima,
maganar Baba, da yatsuna na kwafe ban lura ba:
"Kar a tambaye ta."