Saiwa da Wutsiya

Shekara talatin da takwas mahaifina
yana tsaye gaban allo a Almazán,
alli a yatsa, alli a gira,
yana gaya wa 'ya'yan mutane:
saiwar kalma ba ta motsi,
wutsiyar ce ke kaɗawa.

Ran da jijiya ta tsinke masa a ka
lemo yake ɓarewa.
Ya farka a asibitin Soria da rabin baki
da ƙafa ɗaya mai jin magana.
Sunana ya ɓace masa. Cokali ya ɓace.
Ya dubi taga, ya kira ta ruwa.

Sai wata Laraba Itziar mai gashin ƙashi
ta ɗora hannunsa kan ƙarfen dafawa,
ta ce, Don Fulgencio, caminar. A taka.
Ya yi tsit.
Can sai guga ya taso daga rijiyar da muka fid da rai,
cike har baki:
camino, caminas, camina,
caminamos, camináis, caminan.
Ko ɗigo bai zube ba.
Ƙafar kuwa tana nan inda aka ajiye ta.

Daga ranar na koma ɗaliba
da furfurata da makullan mota a hannu.
Kullum da la'asar darasi guda.

Caminé, in ji shi, ya buga tebur.
Na taka, an gama, an ja ƙofa.
Wannan ba ya son ta, sauri yake ya wuce.
Caminaba ce ke zaunar da shi.
Na kan taka. Tafiyar da ba a ƙidaya ta,
ta kowace yamma bakin kogin Duero,
Herminia na gaba da jakar burodi
tana mita a kan takalminsa.
Caminaba, ya sake cewa, ya nuna kansa.
Caminaba, ya nuna hotonta.
Ashe a wannan lokacin na nahawu
ni da ita kalmarsu ɗaya.
Shekara tara da binne ta,
ban taɓa lura ba sai yau.

Na rubuta masa camino a bayan takardar magani.
Ya karɓi biro da hagu, hannu na rawa,
ya ɗiga ɗan karan nan bisa harafin ƙarshe:
caminó.
Tsinke guda, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ya mai da mai tafiya wanda ya riga ya tafi.
Ya dube ni. Na tashi na ɗora ruwan shayi
da ba wanda ya nema.

Ta gobe ce ta ba mu wuya.
Caminaré. Zan taka.
Mako biyu yana kaiwa bakinta yana juyawa
kamar jaki a gaban gada.
Ya gwammace caminaría,
da na taka, da a ce,
ɗakin da gurgu ke zama ya miƙe ƙafa.
Na ce, Baba, tsallake layi kake.
Ya harare ni harara ta malamai.

Watan Maris, shamuwa ta dawo kan hasumiyar coci.
Na gaji, na daka masa tsawa a baranda:
Camina!
Ya gyara wuyan riga. Camine usted, in ji shi,
haka ake ce wa babba.
Itziar ta yi dariya har ta saki ɗamarar,
shi kuma bai san an saki ba.

Taku ɗaya. Jan ƙafa. Na biyu.
Na uku ya ƙare a kafaɗata
da warin sabulu da nauyin uba.

Yana haki ya ce, caminamos.
Na ce wacce, ta yau ko ta jiya?
Muna takawa, ko mun taka?
Don ita wannan fuska ɗaya gare ta ga lokaci biyu,
shi ya koya mini ina 'yar shekara bakwai.

Ya ɗaga kafaɗar da ke ɗaguwa.
Ya ce, Remedios,
matso da kujerar nan.