Biyu a Kan Kanta

Kaka biyu ina cusa sefa a gwangwanin madara,
kuɗin facin wando, kuɗin ɗinkin ranar suna,
har fedar keke ta cinye min dunduniyar takalmi.
Ran Laraba na juye shi kan tabarma:
jaka ɗari biyu da talatin, da 'yan canji masu tsatsa.

Garwa ta ɗau zafi tun da hantsi.
A shagon Hammajoda, bayan layin masu gyaran waya,
ya ɗora min su biyu a kan kanta,
baƙaƙe, masu doro, kamar 'yan ɗaki ɗaya
da suka ɓata kan gado, kowa ya sake suna.

"Wannan Kanon, waccan Nikon.
Wannan allonta na juyawa kamar wuyan mujiya,
waccan batirinta, ke za ki gaji, ita ba ta gaji ba."
Ya yi ta zubo megafiksel kamar mai awon gero.
Na ce, Malam, ni tela ce,
da alli da almakashi na girma.
Nuna min wadda ba ta yi wa launi ƙarya.

Ƙanena Yerima ya ce, ɗauki mai tsadar,
araha ba ta ado.
Bappa Sali mai hoton unguwarmu ya riga ya ja min kunne:
"Gangar jiki tsufa take, yarinya,
gilashin gaba ake bar wa magada."
Wani a bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye shi,
ya ce wayarsa ta fi su duka.

Sai na zaro ƙyalle daga jakata,
ragowar atamfa, shuɗiya mai ratsin ja,
na yafa wa tsohon da ke sayar da goro a ƙofar shago.
Ƙyas! da ta farko. Ƙyas! da ta biyu.
A ɗaya, jan ya ɗan yi zafi kamar manja a kasko,
a ɗayar, shuɗin ya yi sanyi irin na Binuwai da asuba.
Ba wadda ta yi ƙarya,
ba kuma wadda ta faɗi gaskiya duka.
Tsohon ya leƙa, ya ce a biyun an rage masa haƙori.

Ido ya kasa raba gardama, na bar wa hannu.
Ina da kanta a ɗan yatsa, inda allura ke zama.
Ta farko ta yi min santsi, kamar gaisuwar baƙo.
Ta biyun ta kwanta a tafina,
yatsan ya sami maɓalli ban neme shi ba.
Kuma ita ce ta bar min jaka ashirin:
kati, jakar rataya, da kuɗin mota zuwa Lagdo.

Don can tafiyar take.
Innata ta rasu ba ta bar ko inuwa a takarda ba.
Babana hotonsa ɗaya tak, na katin shaida,
hatimi ya cinye masa rabin kunci.
Shekara hamsin yana jefa taru,
yanzu ruwan ya fara komawa cikin idonsa.

Na same shi a gindin kwalekwale yana ɗinke koma.
Na durƙusa, na murɗa gilashi yadda aka nuna min,
na manta wane gefe ne kusa, wane ne nesa.
Ya ɗago ya ga 'yarsa da baƙin abu a fuska,
dariya ta kwace masa.

Hoton ya fito dishi-dishi.
Kifin da ke shanye can bayansa ya fito tar, har ƙaya,
shi kuwa sai farin gemu da haƙora huɗu suna rawa.
Yerima ya ce, goge, ki sake.
Na sake, sau goma sha ɗaya, har rana ta faɗa tafki.

Amma na farkon ban goge ba.