Kofin da Ba Ta Wanke Ba

Ni na yi dakon littattafan Lokmaya Rasaili,
shekara goma sha tara, kwando a baya, igiya a goshi,
daga Baglung har ƙauyukan da gajimare ke kwana.
Takarda ta fi gishiri nauyi, ku tambayi wuyana.

'Yar maƙeri ce. A makarantar garinsu
bakin ƙofa aka ba ta, wajen takalma,
kada inuwarta ta faɗa wa tulun ruwa.
Daga nan ta tsinci baƙaƙe ɗaya-ɗaya,
kamar kaza a gefen masussuka.

Ta je Kathmandu, ta dawo da digiri da tabarau
da wani tari marar jin magani.
Kujerar ofis ba ta riƙe ta ba.
Tsofaffi ta bi tana tambaya:
me kuke kiran wannan guduma?
Wuta fa, in ta yi shuɗi?
Kalma dubu huɗu ta kwaso daga bakin maƙera
kafin kogi ya tafi da tokarsu.

Akwai wata rumfar shayi
kusa da gadar igiya a kan Kali Gandaki.
Mai shayi ya turo mata kofi daga nesa,
ya nuna inda irinmu ke wanke namu,
don ni ma ɗan dukawa ne.
Ta shanye, ta biya, ta dire kofin a teburinsa,
ta buɗe littafi.
Har rana ta faɗa bayan Dhaulagiri kofin na nan,
gari ya kewaye shi kamar an ga kububuwa.
Ni kuwa gwiwoyina sai kaɗawa.
Kwana tara ta yi a hannun 'yan sanda,
ta fito tana tambaya ko ruwa ya taɓa kwandon.

Tana da faɗa, kada in yi mata ƙarya,
ko shinkafa ta ɗora sai ta ƙone.
Sau ɗari ta ce kaina dutse ne
kafin hannuna ya iya rubuta Dhanbir.

Bara ta tafi, ana tsakar girbi.
Manya suka zo a mota, suka yi jawabi,
suka rataya wa hotonta furanni.
Ni rumfar nan na koma. Jikan mai shayin ne yanzu.
Na sha, na ajiye kofi.
Ya jefa shi cikin sauran,
ko kallona bai yi ba, yana ta latsa waya.
A nan ne kukan ya zo mini.