Kilo Ashirin da Uku

Sikelin Baffa Sanda mai gyaɗa muka aro,
muka girke shi tsakar gidanmu a Yelwa.
Akwatina ya hau, allura ta yi rawa,
ta tsaya cak a talatin da ɗaya.
Inna ta ce sikelin ne ya tsufa.
Baffa ya ce bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba,
in ba ranar kasuwa ba.

To, kilo takwas za su sauka.
Kuka ta sauka, rabi.
Kilishi ya sauka gaba ɗaya, an ce ba ya ƙetare iyaka,
ƙannena suka yi masa ta'aziyya da haƙora.
Daddawa kuwa Inna ta dafe da hannu biyu:
"Wata biyar, Rakiya. Da me za ki gane miya?"

Kwat na saya a gwanjo, jaka bakwai bayan ciniki.
Na gwada shi da azahar, a zafin Garwa,
gumi na bin bayana kamar kwata,
Dudu na dariya har tana riƙe bango.
A aljihun hagu na tarar da tikitin bas,
ya koɗe, kwanan wata kawai ya rage.
Ashe shi gida zai koma.
Ni ce baƙuwar, shi ne ɗan rakiya.

Biza ta ci mini kwana tara.
Mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa ya kwana da mu a daji,
Yawunde ta tarbe ni da ruwa da layi.
Matar da ke bayan gilashi ta ce in maimaita.
Na maimaita.
Faransancin da ya ciyo mini kyauta a lakwal
ya tsaya a maƙogwarona kamar ƙayar kifi.
Takarda ta tambayi harshen uwa,
ta bar mini layi ɗaya, ɗan siriri.
Hausa nake mafarki da ita,
Fulatanci nake ciniki,
Faransanci nake cin jarrabawa.
Na rubuta Hausa, na nemi gafarar kakata.

Liyej sunan garin. Na koyi faɗinsa a madubi.
An ce kogi ya ratsa shi, an yi masa bango hagu da dama.
Ruwa nake karanta, shi za ni gani.
Jiya na je gadar Binuwai, damina ta cika ta maƙil,
dorina ta ɗago kai, ta dube ni, ta nutse.
In na isa zan tambayi nasu kogin
ko ya taɓa cinye gonar wani,
ko kuwa shi ma da takarda yake tafiya.

Baba bai ce komai ba duk makon nan.
Daren jiya ya kwance agogonsa,
wanda kamfanin auduga ya ba shi ranar sallama.
Na ce masa suna gabanmu da awa ɗaya,
sai ƙarshen Oktoba su ja baya su jira mu.
Ya ce, "Mutanen da ke murɗa agogo su ce rana ta matsa?
Ki bar wannan yadda yake.
In kin duba, kin san ko mun ci tuwo."

Bayan isha muka sake awo.
Ashirin da uku daidai, Baffa ya tafa.
Na kwanta, ban yi barci ba.
Can cikin dare na ji zif yana tafiya a hankali,
na ji ƙarar leda, na ji numfashin Inna.

Da asuba allura ta ce ashirin da uku da rabi.
Ban buɗe ba, ban tambaya ba.
Na zare takalmi ɗaya daga aljihun gefe,
na zare ɗan'uwansa,
na miƙa wa Dudu. Dama ta daɗe tana kallonsu.